Ƙuri'a Biyu a Kan Dogo

Ranar da Dogo mai yankan gilashi ya fito daga asibitin masu taɓin hankali bakinsa har kunne, ko mai gadin ƙofa sai da ya bi shi da kallo. Ba a saba fita ta wannan ƙofa da irin wannan fuska ba. Yawanci kai a sunkuye ake fita, an cusa ledar magani can ƙasan aljihu, ana addu'ar kada a yi kiciɓis da wanda aka sani.

Ba magani aka rage masa ba, ba kuma cewa aka yi ya warke ba. Labari ya ji.

Ciwon Dogo sunansa sikizofiriniya, suna mai tsawon da ya daɗe kafin harshensa ya iya juya shi. Tun yana saurayi ya kama shi, ya sa shi jin muryoyin da babu masu su, ya sa shi ya yarda cewa an bi ta cikin bango an shimfiɗa wayoyi ana sauraron tunaninsa. Da magani abin ya lafa, har ya yi aure, ya buɗe shago, aka haifa masa 'ya. Duk ƙarshen wata, bayan an karɓi magani, masu irin ciwonsa sukan zauna a wani ɗaki mai kujerun roba da fanka mai ƙara, su yi hira da Likita. Hirar kuwa Dogo ya haddace ta tsaf: ku sha magani, ku yi barci, ku guji ɓacin rai. Yakan zaɓi kujerar kusa da taga ya yi ta gyangyaɗinsa.

Ranar sai Likita ta shigo ta nufi allo kai tsaye.

"Yau ba faɗa zan yi muku ba," in ji ta. "Labari na kawo muku, kuma ku ne kuka fi kowa haƙƙin jin sa."

Ta ce masu bincike sun duba jinin dubban mutane, masu ciwon da marasa shi, suna neman inda ƙwayoyin gadonsu suka bambanta. Wurin da ya fi fitowa fili, abin mamaki, yana cikin ƙwayoyin da ke kula da garkuwar jiki ne, sojojin nan da ke yaƙi da mura da ƙurji. Ɗaya daga ciki an sa mata suna C4, sai ka ce lambar ɗakin haya. Ashe a cikin ƙwaƙwalwa sojojin nan suna da aiki na biyu. Yaro yakan taso da mahaɗar jijiyoyi fiye da bukatarsa, wayoyi barkatai, in ya fara balaga sai a rage su, kuma C4 na cikin masu shafa alama a kan wadda za a cire. Wasu mutane sun gaji nau'in da hannunsa ya cika sakewa wajen shafa alamar.

"Ana zaton," in ji Likita, ta ƙwanƙwasa allon, "ku ji ni da kyau, ana zaton a wurinsu yankan yana wuce gona da iri."

Dogo bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba.

"Likita, tsaya. Wato ba raggon kai aka ba ni ba? Masu gadina ne suka cika ƙwazo?"

Ɗakin ya fashe da dariya, har da ita. Ta ce wani yanki ne na labarin, ba dukansa ba, ta shiga jero sharuɗɗa irin na likitoci, waɗanda ba sa iya ba ka albishir sai sun ɗaure shi da igiya. Dogo ya ji su sarai, amma murna ta ture su gefe.

Sai ka san abin da aka yi ta faɗa masa kafin ka gane murnar. Wasu sun ce karatu ne ya yi masa yawa. Wasu sun ce shaye-shaye ne, shi da ko sigari bai taɓa kai wa baki ba. Wani kawunsa ya ce raunin zuciya ne kawai, namiji ba ya barin tunani ya kayar da shi. Wannan ta kawun ita ce ta zauna masa. Shekara da shekaru yana kallon kansa a matsayin kayan da aka yi da ƙarancin kauri, irin gilashin da yake ƙin sayar wa masu yara a gida. Yau ga mace mai ilimi ta tsaya gaban allo tana cewa watakila ƙwazo ne ya yi yawa.

A cikin bas ya gaya wa wani dattijo da ke kusa da shi. Dattijon ya ce "Allah Sarki", ya sauka a tasha ta gaba, kuma da alama ba tasharsa ba ce.

Shagon Dogo yana manne da na Mai Walda, amininsa, mutum mai faɗin ƙirji da gajeren zance. Dogo bai ko buɗe nasa ba ya faɗa na maƙwabcin, ya tsallake ƙarafa, ya dafa shi a kafaɗa ana tsakar feshin wuta.

"Kashe, kashe! An gano su!"

Mai Walda ya ɗaga murfin fuskarsa. "Su wa?"

"Sojoji! Suna nan cikin jinina tun ranar da aka haife ni. Su ne suka yanke wayoyin!"

"Waɗanne wayoyi kuma?"

"Na cikin kaina mana! Ba ni wani abu in zana maka."

Ya zari guntun alli ya durƙusa gaban wata ƙofar ƙarfe da Mai Walda ya gama jiya, ya cika ta da layuka da ƙananan alamomi, yana magana yana haɗiye rabin kalmomin. Mai Walda ya tura masa kwanon abincinsa da ƙafa.

"Ci tukuna."

"Bar zancen abinci, mutumin nan! Ka san abin da nake gaya maka kuwa?"

"Na ji," in ji Mai Walda. Ya goge hannu, ya ce yana zuwa, ya zagaya bayan shago. Dogo ya hango shi ta taga da waya a kunne, sai ransa ya ƙara fari. Ka ga aboki, ko minti bai yi ba ya fara yaɗa albishir.

Akwai abin da murna ta mantar da Dogo, kuma shi da kansa ya kafa shi. Bayan tashin ciwonsa na ƙarshe, da ya dawo hayyacinsa ya ga irin wahalar da aka sha kafin a kai shi asibiti, sai ya tara yayarsa da matarsa ya yanka doka. Ya ce ƙuri'a biyu ce a kansa, ta Yaya da ta Malama. In su biyun suka ce ciwo ya tashi, zai miƙa makullin shago da abin yankan gilashinsa, ya bi su a kwantar da shi, ba gardama, ko da shi yana ganin lafiyarsa lau. In ɗaya ta ce a'a, yana nan a gidansa. Ya kuma ba Mai Walda lambar Yaya da hannunsa.

Bai iya zama a shago ba. Ya auna gilashin wata taga sau biyu, ya sami amsa biyu, ya ce yau ba ranar yanka ba ce. Ya nufi gida, ya haye matakalar benen da suke haya bibbiyu, ya tura ƙofa, sai ga Yaya zaune a kan doguwar kujera.

"Yaya! Wallahi Allah ne ya kawo ki! Zauna, au, kina zaune. Ki riƙe kujerar da kyau."

Ya kwashe labarin ya zuba mata, yana zagaya teburin tsakar ɗaki, yana yanka iska da yatsu biyu. Yaya mace ce mai muryar da in ta kira yaro daga bene, na layi na uku ma yakan amsa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau ba ta yarda ya girma ba. Amma yau ba ta katse shi ba ko sau ɗaya. Da ya tsaya shan iska, sai ta ce a hankali, cikin wata lallausar murya:

"Ƙanina, ka ci abinci?"

"Ban ci ba, amma ki ji..."

"Jiya ka samu barci?"

Muryar ce ta tsayar da shi. Yaya ba ta lallashi sai in abu ya ɓaci. Ya juya, sai ya ga jakar a bakin ƙofa, shuɗiyar nan da ke zama a saman kabad, an riga an cika ta, silifas ɗinsa na leƙowa ta aljihun gefe. Ya wuce ta da ya shigo, bai ko gan ta ba.

Sai ya ji maganarsa da kunnen wani. Sojoji. Jini. Wayoyi a cikin kai.

"Yaya, ba abin da kike zato ba ne. Likita ce ta faɗa. Kira ta ki ji."

"Na kira asibitin. Sun ce ta tashi, sai gobe. Sun ce in hankalinmu bai kwanta ba mu kawo ka."

"A gaban mutane ta faɗa! A kan allo ta zana!"

"Wancan karon ma ka ce a rediyo aka faɗa."

Ba mugunta ba ce, kada a zalunce ta. Yaya ce ta same shi wancan karon yana ɓamɓare simintin bango da farce yana neman wayoyi, yatsunsa duk jini, ita ta naɗe su da mayafinta. Wadda ta ga wannan da idonta, ba za ka ce mata ta jira hujja ba.

"Ni dai na jefa tawa," in ji ta, idonta ya ciko. "Gara in yi kuskure kana kan gadon asibiti da in yi kuskure kana kan titi."

Dogo ya zauna. Abin da ya biyo baya ya fi jakar ciwo, don shi kansa ya fara tambayar kansa. Ya tuna ƙarar fankar, ya tuna yadda Likita ta ƙwanƙwasa allo, ya tuna dariyar ɗakin. To amma ciwon ma ai yakan kawo nasa da cikakken bayani, da launi da ƙamshi. Muryoyin da ya ji a da ba su taɓa zuwa a dusashe ba. In haka ne, da me zai auna? Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ya manta ɗanɗanonsa.

Saura ƙuri'a ɗaya, ita kuwa tana makaranta tana koya wa yara lissafi.

Malama ta shigo da la'asar, rungume da littattafan ɗalibai, ƙurar alli a gefen hannun rigarta. Ta dubi jakar, ta dubi Yaya, ta dubi mijinta da ya cusa hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa don kada su yi motsi. Ba ta yi salati ba, ba ta saki littattafan ba. Ta ajiye su a kan tebur, ta gyara musu zama, ta gaida Yaya yadda ya kamata, ta jawo kujera ta zauna daf da shi har gwiwarsu na taɓa juna.

"Maigida, faɗa min."

Ya yi niyyar faɗa a hankali, kuma ya rantse a ransa ba zai ambaci soja ko waya ba. Gwada ka gani in abu ne mai sauƙi.

"Akwai wasu... ma'aikata. A cikin jiki. Suna rage wasu... igiyoyi."

"Igiyoyi," in ji Malama.

"Ba igiyoyi sosai ba. Wasu abubuwa dogaye da saƙo ke bi ta cikinsu."

"Wayoyi ke nan."

"Ke kika faɗa, ba ni ba."

Gefen bakinta ya motsa, ta danne. "Faɗe shi yadda aka faɗa maka. Ni na iya tacewa."

Sai ya faɗa, da sojojin da wayoyin da C4 ɗin gaba ɗaya. Tun yana ja wa muryarsa linzami har ta ƙwace, hannu ɗaya ya kuɓuce daga ƙarƙashin cinya ya shiga yanka iska. Yaya ta dubi Malama, irin kallon "kin gani ko". Malama ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Da ya gama, sai ta fara tambaya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take yi wa yaron da ya kawo amsa daidai amma tana zargin leƙe ya yi.

"Wa ya turo sojojin?"

"Babu wanda ya turo su. Nawa ne. Ke ma kina da naki, Yaya ma tana da nata. Na Yaya ma na tabbata sun fi na kowa faɗa."

"Ka ji shi ko," in ji Yaya.

"Kai suke nema?" in ji Malama.

"Ni a wa? Su ba su ma san da ni ba. Dubban mutane aka duba, ni ko ɗaya daga ciki ban kasance ba."

"To kai kana da wannan nau'in mai yawan shafa alama?"

Sharuɗɗan nan na Likita da murna ta ture gefe suka dawo suka tsaya a gaban Dogo.

"Ban sani ba," ya ce. "Ba a gwada ni ba. Ta ce ma gwajin ba zai gaya wa mutum ɗaya komai ba. Mutane da yawa suna da shi, lafiyarsu lau har su tsufa. Ɗan ƙara haɗarin yake yi kawai, akwai wasu dalilan da yawa da ba a gama ganowa ba. Watakila ma ni ba ta nan nawa ya biyo ba."

"An samu sabon magani?"

"A'a."

"Za a samu?"

"Watakila. Ta ce da sauran tafiya. Watakila ba a zamanina ba."

Yaya ta tafa hannu. "To, murnar me kake yi tun safe, har ka hana bawan Allah walda?"

"Murnar an fara ganin ƙofar, Yaya!" Ya miƙe ba shiri. "Da can duhu ne, kowa ya ga dama ya ce laifina ne. Yanzu akwai mutane a wani wuri, ban san su ba, ba su san ni ba, sun tashi da safe sun sa riga sun tafi aiki a kan ciwona. Kuma abin da suka fara gani ba ragwanci ba ne. Ko ba nawa ba ne, na wani ne irina. Wannan bai isa a yi murna ba?"

A ƙasa wani mai mota yana ta danna oda.

Malama ta juya ta fuskanci Yaya.

"Yaya, ki yi haƙuri, tawa a'a ce."

"Kin ji abin da yake faɗa kuwa?"

"Na ji. Ni ma na zauna da ciwon nan a ɗaki ɗaya, na san muryarsa. Bai taɓa cewa bai sani ba. Komai ya sani, ba ya shakka, kuma duk abin da ke faruwa a duniya a kan mijina yake ƙarewa. Wannan kuwa tun ɗazu yake cire kansa daga labarin. Zai ci abinci yanzu a gabanmu, zai sha maganinsa, zai kwanta da wuri. Gobe mu uku za mu je wurin Likita, ba don mu baro shi ba, don ni ma ina son in ga zanen nan da idona. In na yi kuskure, ni zan ɗauki jakar da kaina."

Yaya ta dubi ƙaninta. Sannan ta ja dogon numfashi, muryarta ta asali ta dawo.

"To wa ya ce ka je ka tsorata mutane da yunwa a cikinka? Ƙaton banza kawai!"

Da jin wannan tsawa Dogo ya san ya tsira. Ya kamata ya yi tsalle. Amma sai ya koma ya zauna a hankali, ya haɗa gwiwoyinsa, ya sunkuyar da kai. Murnar da ya ɗauko tun daga asibiti ta zube a hanya, ba ta kai ƙarshen shari'ar ba.

"Na gode," ya ce. "Laifina ne. Na san yadda abin yake a idonku. Nan gaba zan riƙa rage murya."

"Nan gaba?" in ji Malama. "Da can ba ka ragewa ne?"

Ya yi ɗan murmushi, ba na daɗi ba. "Ranar da kika haihu, da aka fito aka ce min mace ce, ji na yi kamar in fita titi da gudu ina ihu, in rungumi duk wanda na gani. Sai na ga Yaya tana kallona, nas ma tana kallona. Sai na ce madalla, na nemi ruwa na sha."

Malama ta tuna. Ta daɗe tana riƙe da wannan madallar a ranta, tana zaton don ba namiji ba ne. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, yanzu ma ba ta faɗa ba, amma hawaye suka zubo mata ba ta share ba. Yaya kuwa ta kau da kai tana gyara ɗaurin kallabin da babu abin da ya same shi.

"Tashi," in ji Malama.

"In je ina?"

"Ba inda za ka. Tashi ka faɗa min daga farko, yadda ka faɗa wa Mai Walda. Ni a ƙunshe ka ba ni nawa, ban yarda ba."

"Malama, maƙwabta..."

"Su ma suna da sojojin ai. Tashi."

Ya miƙe yana kallon su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai taka gilashin da bai san kaurinsa ba. Ya fara a hankali. Ya kai wurin da Likita ta nufi allo, muryar ta ɗan ɗaga. Ya kai wurin C4, hannayen biyu suka fito. Kafin ya kai wurin da ya miƙe a gaban mutane yana tambaya, ya riga ya zagaya teburin, ya ture littattafan ɗalibai sun watse a ƙasa, yana dariya yana kuka yana kwaikwayon muryar Likita, Malama tana cewa "Sai me? Sai ta ce me?" kamar ba yanzu ta ji ba.

Muryar ta cika ɗakin ta fita waje. Yaya ta tashi da sauri ta nufi taga za ta rufe, yadda ta saba yi shekara da shekaru duk lokacin da muryar ƙaninta ta ɗaga. Ta kama marfin, ta tsaya. A ƙasa mutum biyu sun ɗaga kai suna kallon benen.

Ta tura tagar ta buɗe gaba ɗaya, ta dawo ta zauna.

"Kai, koma baya," ta ce. "Ban gane wurin shafa alamar nan ba."